Fuskar Muthupandi a Cikin Gajimare

Shekara talatin ina ɗaukar hoto a ɗan shagona da ke bakin tashar bas, sai waya ta zo ta mai da kowane mai sayar da ayaba gwanin hoto. Sai in yi kwana uku ba wanda ya leƙo, in ban da mai neman hoton fasfo. Tsoron rufe shagon ne ya sa na zauna gaban kwamfuta da furfurata, ina koyon haɗa hoto biyu su zama ɗaya. A ɗora na sama kan na ƙasa, a rage masa ƙarfi, a goge gefensa a hankali har ya narke. Wata biyu na yi kafin hannuna ya faɗa, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

Ana nan sai ga Muthupandi, mai neman kansila a unguwarmu, ya shigo yana murza gashin baki.

“Veluchamy, allo nake so wanda zai sa Sellathurai ya kasa cin abinci. Ka ɗaga ni sama.”

Sellathurai shi ne abokin takararsa. Na ce, “Yallaɓai, har sai ka taɓa gajimare.”

Haka kuwa na yi. Na narkar da fuskarsa cikin sararin sama, gajimare na ratsa kumatunsa, haske na zubowa ta bayan kansa, na ƙara da tattabaru biyu. Kyan aikin ya rufe min ido, na manta abin da ko akuyar garinmu ta sani: a nan, mamaci kaɗai ake sa wa fuska cikin gajimare.

Da safe aka kafa allon a mararraba. Wa zai tsaya karanta rubutu? Kafin ƙarfe goma masu shaguna sun ja ƙofofi, makaɗan jana’iza sun iso ba a kira su ba, mata sun cika ƙofar gidansa suna dukan ƙirji. Sellathurai ya zo da sarƙar furanni mai tsawon mutum biyu, ya hau benci yana share ido, ya ce unguwa ta yi rashin uba.

Shi kuwa mamacin yana saman bene yana cin idli, wainar shinkafar garinmu. Ya leƙo da miya a yatsunsa.

“Wai wa ya mutu?”

Wata tsohuwa ta ɗaga kai, ta yi tsaki. “Dube shi. Tun safe nake kuka, ko shayi ban sha ba.”

Mutane ba su yafe masa ba, domin sun riga sun faɗi alherinsa a bainar jama’a. Ya faɗi zaɓe, ya daina amsa gaisuwata.

Ni kuwa kasuwa ta buɗe min. Duk gidan da aka yi rasuwa, wurina ake aikowa, wai ba mai narkar da mutum kamar Veluchamy. Sai dai mai rai ba ya ƙara tsayawa gaban kyamarata.

Ranar auren ’yata na goge kyamarar tun da sassafe, na rataya a wuya. Matata ta tare ni a ƙofa, ta yi ƙasa da murya.

“Ji mana. Dangin ango sun kawo nasu mai hoton. Sun roƙa ka bar wannan a gida.”

Na tsaya a gefen rumfa hannu wofi, ina kallon wani baƙo yana ɗaukar ’yata da haske a bayanta. Hoton zai fito da duhu, na sani. Raina ya ɓaci ƙwarai.