Ko Akuya Ta Sani

Hammanjoda ya dawo daga ofis ya tarar da jakar mahaifiyarsa a bakin ƙofa, an ɗaure ta da igiya. Dada Aisatu na zaune a tabarma, ta yafa mayafin tafiya. Ƙauyensu Iware za ta koma, gidan da rufinsa ke yoyo, ga ciwon gwiwa, ga babu mai ɗebo mata ruwa. Da ƙyar ya shawo kanta bara ta dawo Jalingo.

Matarsa ce ta ba shi labari a kicin. Ƙawayen Dada sun zo gaisuwa. Dada, wadda a kasuwa ta tsinci Hausarta, ba ruwanta da mace ko namiji, ta nuna jikarta ta ce, "Rukayya ya girma." Sai Rukayya, 'yar shekara shida, ta juyo daga gaban talabijin.

"Kaka, ni mace ce. 'Ta girma' ake cewa. Ko akuya ta sani."

"Wace akuya?" Hammanjoda ya daka tsawa.

"Ta katun," in ji matarsa. "Wanda kai ka kawo."

Haka ne kuwa. Shi ya haramta katun na Turanci a gidansa, shi ya nemo na Hausar Kano, har ya dami abokan aikinsa da wa'azin tarbiyya. Ya kunna talabijin yana huci, yana neman shaidar lalata. Akuyar ta durƙusa ta gaida manya. Ta wanke hannu kafin cin abinci. Ta mayar da abin da ta tsinta. Ya yi ta jira ta yi ashar ko ɗaya, munafukar ta ƙi. Wannan ya ƙara tunzura shi.

Ya fizge waya daga bango, ya sungumi talabijin ya dire a gaban uwarsa.

"Dada, ga mai laifin. Ki ce in fasa, yanzu in fasa."

Ko kallon akwatin ba ta yi ba.

"Ka fasa, ka saya wani, na san ka. Akwati ne ya hana yaro Fulfulde? Da Fulfulde na goye ka. Ka kawo ni gida inda sai na ari bakin mutane kafin na yi magana da jikana, kuma a yi mini dariya gaban baƙi!"

Ya nemi wanda zai yi wa faɗa, ya rasa. Ya durƙusa, kamar akuyar.

Sai da ta gama shan ƙamshi ta faɗi sharaɗinta. Za ta zauna, amma daga yau Hausa ta bar bakinta. Mai son magana da ita ya koyi tata.

Hammanjoda ya karkace ya zuba godiya da Fulfulde, doguwar jimla irin ta mai digiri. Bai kai tsakiya ba ta katse shi, ta gyara masa kalma, ta sa ya maimaita.

Rukayya ta leƙo daga bayan labule. "Baba, me ta ce?"

Dada ta ba ta amsa da Hausarta ta ƙarshe.

"Na ce babanka bai iya ba. Ko saniya ya sani."

Rukayya ta buɗe baki. Ta dubi ubanta, ta dubi jakar, ta rufe.