Kaset Ɗin Maraɗi da Bai Kai Ƙarshe Ba

Sunana Bawa, amma a Jibiya duk wanda ya haura shekara arba'in da Bawa Tafinta ya san ni. A aji huɗu na bar makaranta. Ba korata aka yi ba. Wata rana ce na bi wani mai wasa da biri tun daga bakin makaranta har garin Daddara, don in ga ko birin yana tuɓe 'yar rigarsa idan zai kwanta. Bai tuɓe ba. Ni ma ban koma aji ba.

Sunan tafinta kuwa a Magama na samo shi, daf da shingen iyaka. Lokacin da bidiyo ya shigo, akwai wani shago da aka toshe tagoginsa da buhuna, ana nuna fim bayan azahar. Kaset ɗin duk daga Maraɗi direbobi ke kawo su, finafinan Turawa ne da aka juye aka ɗora musu Faransanci. Jama'a na gani, ba sa ji. Da yake na taɓa yin wata bakwai ina tallar goro a Ɗan Isa, cikin Nijar, sai wani ya ce ai Bawa yana jin Faransanci. Ban ce ina ji ba. Ban kuma ce ba na ji ba. Aka ajiye mini kujera a gefen talabijin.

Gaskiyar magana, kalma goma sha ɗaya na iya, huɗu daga ciki zagi ne. Saboda haka sai na riƙa duban fuska da takalmi da yadda mutum yake rufe ƙofa, in ƙulla labari. Ga kuma wata matsala: masu juyewa a Maraɗi ba su damu da tsawon fim ba, inda zaren kaset ya ƙare nan fim ya ƙare. Ana cikin kallo sai allo ya koma toka-toka yana shuuu. Nan zan miƙe, in gyara riga, in faɗi yadda aka ƙarasa. Har yau akwai tsofaffi a ƙauyen Kusa da suka yi imani haka Turawa ke yin fim, su bar ƙarshen a hannun mai ilimi.

A wannan shago na san Ezra. Mutumin kudancin Kaduna ne, gwamnati ta turo shi duba lafiyar dabbobin da ke ƙetare iyaka. Dogo, mai shiru, Turancinsa kamar na rediyo, amma Faransanci ko ɗigo. Wata Laraba muka kalli wani fim na mutum biyu a wani gari mai gada, lokacin yaƙi. Ɗaya dogo, ɗaya ba ya rabuwa da hula. Na sa musu Dogo da Mai Hula. Na ce aminai ne. Duk inda Dogo ya sa ƙafa Mai Hula na biye da shi, na ce tsaron lafiyarsa yake yi. Suna tsaye a kan gada, Dogo riƙe da akwati, Mai Hula ya kama hannun rigarsa, sai kaset ya ƙare. Na miƙe na ce Dogo ya jefa takardar tafiyarsa a kogi, ya ce ba zai bar garin da ya sami ɗan'uwa ba, suka tsufa tare suna kiwon agwagi. Agwagin ni na ƙara, don ina son su.

Ban san cewa a aljihun Ezra akwai takardar canjin wurin aiki zuwa Kaduna ba, da ƙarin girma a kai. Washegari ya hau mota ya je ya roƙi a bar shi inda yake. Da ya dawo ya same ni a bakin shago ya ce, "Mai Hula, na jefa tawa a kogi." Tun ranar bai sake kirana Bawa ba, ni ma ban sake kiransa Ezra ba. Shekara talatin da huɗu ke nan. A Jibiya ya yi ritaya, a Jibiya ya binne matarsa Hanna.

Bana 'yarsa Dabora ta zo hutu daga Zariya da wata dabara. Ta samo jerin tsofaffin finafinan da aka taɓa sa su takarar lambar yabo shekaru aru-aru, wasu sun ci, wasu sun faɗi. Ta ce za ta riƙa nuna mana ɗaya bayan ɗaya a falon babanta bayan la'asar, mu yi sharhi, ta ɗauka a waya ta sa wa mutane a intanet. Idon Dogo ya yi rauni, amma kunnensa garau, kuma finafinan nan da Turancinsu na asali suke.

Na farko dai lafiya lau, don ban taɓa fassara shi ba. Dogo ya yi bayanin darasin da ke ciki. Ni na ce abin da ya dame ni shi ne awa biyu da rabi ba wanda ya ci abinci, ga tebur ga faranti, sai surutu.

"Baba Bawa, labarin fa?" in ji Dabora.

"'Yata, labarin mutanen da ba su ci abinci ba ai ba ya ƙarko."

A na uku na gano agogon bango yana kan ƙarfe huɗu tun farkon fim har aka yi aure aka haihu. A na biyar wata akuya ta leƙo ta bayan sarauniya, na ce ita ya kamata a ba lambar, don ita kaɗai ce ba ta san ana ɗaukarta ba. Dabora ta ce mutane sun fi son nawa sharhin, har wani daga Maraɗi ya rubuto yana gaishe da tsohon akuya. Na fara sa babbar riga idan zan je.

Ranar na bakwai, fim na buɗewa na ga wani kare mai ƙafa uku ya ratsa ta ƙarƙashin wata gada. Nan take na gane fim ɗin. Fuskar mutum takan ɓace mini, amma kare mai ƙafa uku ba ya ɓace mini.

Dogo ya matso da kujerarsa har gwiwarsa na taɓa teburin talabijin. "Kai! Mai Hula, ba namu ba ne wannan?"

"Kama ce," na ce. "Turawa gadojinsu duk iri ɗaya ne."

"Namu ne mana! Ga ni can da akwati. Dabora, ƙara murya. Yau zan ji da kunnena abin da baban nan naki ya fassara mini kafin a haife ki."

Na ce marata ta murɗa. Ya ce bayan gida na nan kusa, za a tsayar a jira ni. Na ce ban yi la'asar ba. Dabora ta ce ai a gabanta na yi, ita ta shimfiɗa mini tabarma. Na zauna.

Ba na jin Turanci sosai, amma ina jin shirun Dogo. Minti goma na farko yana murmushi. Daga nan murmushin ya tafi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wannan ba tsaronsa yake yi ba. Rahotonsa yake kai wa sojoji."

"To, ai wani tsaron..." na fara.

"Yi shiru."

Aka zo kan gada. Dogon fim riƙe da akwati, mai hula ya kama hannun rigarsa. Jikina har ya shirya miƙewa, don shekara da shekaru a nan allo ke komawa toka. Bai koma ba. Fim ya ci gaba, minti ashirin da biyar da ban taɓa sanin akwai su a duniya ba. Ashe riƙe shi ya yi har motar sojoji ta iso. Aka tafi da dogon. Mai hula ya ɗauki akwatin, ya tare a gidansa, ya zauna a kujerarsa. Ko agwagwa ɗaya babu.

Dabora, da ba ta san komai ba, ta ɗaga waya. "To, iyayena, sharhi. Wannan an sa shi takara amma bai ci ba."

Dogo ya juyo. "Faransancin nan, kalma nawa ka iya?"

"Goma sha ɗaya."

"Goma sha ɗaya."

"Huɗu ba sa faɗuwa gaban yarinya."

"Ƙarshen fa? Takardar da aka jefa a kogi?"

"Kaset ne ya ƙare, Dogo. Kullum ƙarewa yake. Sai in ga mutane sun zuba mini ido, ni kuma ba na son a tashi da baƙin ciki."

Ya murza gwiwarsa. "Waɗanda muka fara aiki tare, biyu sun zama daraktoci. Hanna ta yi wata guda ba ta yi mini magana ba a kan takardar nan. Na ce mata akwai abin da ya fi girma." Ya miƙe yana laluben bango. "Sai an jima, Malam Bawa."

Da ya zage ni da duk huɗun nan da na iya, da ya fi mini sauƙi.

Kwana uku ban je ba. Matata Barira ta gaji da ganina a zaure ina kallon gizo-gizo yana saƙa. Na gaya mata komai. Ta ce, "Yo wa bai sani ba? Ni tun ranar da jami'in kwastan ɗin Nijar ya yi maka magana a shinge ka amsa masa da tari na gane." Na ce me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce an taɓa tambayarta?

Na yi ta tsara abin da zan ce masa. Na tsara jawabi uku, kowanne ya fi na baya daɗi, sai na lura duk ukun akwai ƙari a ciki. A na biyu har na sa wa kaina rashin lafiya. Na zubar da su. Rana ta huɗu na tafi ba babbar riga, na cire hulata na riƙe a hannu, na yi sallama.

Yana zaune a falo, Dabora na yanka masa gwanda. Bai ce in zauna ba.

"Ban zo da labari ba," na ce. "Ƙarya na yi maka, ta ci maka Kaduna. Ba ni da abin da zan mayar maka."

"Dabora, kunna wayar," ya ce. "Maimaita, Malam Bawa. Mutanen Kusa ma su ji."

Na maimaita wa waya, da kalma goma sha ɗayan, da zaren kaset, da agwagin. Dabora na ta cije leɓe don kada ta yi dariya. Da na gama ya ce ta juyo da wayar wajensa.

"Ga nawa sharhin. Na sa an sake kunna mini fim ɗin nan sau biyu. An yi daidai da ba a ba shi lamba ba. Mutumin nan mai hula, ba a nuna mana dalilinsa ba, mugu ne kawai daga farko har ƙarshe, ba wanda ya san mutum irin wannan. Na kuma zauna na duba nawa mai hular. Shekara talatin da huɗu yana bina, ban ga motar sojoji ba. Ranar da Hanna ta faɗi, shi ya goya ta har bakin titi, yana ba ta labarin wani jimina da ya haɗiye agogo don kada ta ji tsoro. Wannan ma na san ƙarya ne." Ya share baki. "Maƙaryaci ne, ku rubuta. Ban yafe Kaduna ba tukuna, sai na ƙara tunani. Kashe."

Ta kashe. Na tsaya da hula a hannu, ban san ko korata aka yi ba.

"Saura nawa a jerin naki?" ya tambaye ta.

"Goma sha uku, Baba."

"Sa na takwas. Amma cire muryar gaba ɗaya, na gaji da Turancinsu." Ya nuna tsohuwar kujerar da ke gefen talabijin da sandarsa. "Kai kuma mayar da hular nan, sanƙonka na kashe mini ido. Zauna can, Mai Hula, ka gaya mini abin da suke cewa."

Na zauna. Aka nuno wata mata a bakin teku tana kuka, nesa da ita wani jaki yana tsaye da tabarau a goshi. Na gyara murya, na fara da jakin.