Hular Gashin Salome

A rumfar askin Irmiya da ke bakin tashar Kontagora akwai wani tsohon zanen hoto da ya fi madubi jan ido. Wata Baturiya ce a zaune, gashinta ya tashi sama kamar rumbun dawa, wanzaminta kuma, siriri mai dogon hanci, ya hau tsani yana barbaɗa wa gashin hoda. Wani Baturen gona ne ya bar wa Irmiya zanen da zai koma ƙasarsu bayan samun 'yancin kai. Duk wanda ya zauna aski sai Irmiya ya nuna masa, ya ce ai ba gashinta ba ne, saye ta yi, a yi ta dariya.

Wata ranar kasuwa, bayan an gama yaƙin basasa, ƙanwarsa Salome ta sauko daga motar Kaduna, inda take aiki a masaƙa. Ta daɗe rabonta da gida. Ta tsaya a bakin rumfa da jakarta, kanta sanye da hular gashi baƙa wuluk mai sheƙi.

"Yaya, sannu da aiki."

Rumfar cike take da mutane. Buba direba, wanda rabin fuskarsa ke cikin kumfar sabulu, ya dubi Salome, ya dubi zanen, ya fashe da dariya. Irmiya ya ji daɗin samun abin ba'a a gaban jama'a.

"Ah, ga ta da kanta ta fito daga hoto! Buba, aro mana tsani."

"Yaya, bari," in ji Salome, murya ƙasa-ƙasa.

"Mu ga abin da Kaduna ta ɓoye mana mana."

Ya miƙa hannu ya fizge hular.

Dariyar ta ɗauke. Daga saman kunnenta na hagu har tsakiyar kai tabo ne, fatar ta tattare tana ƙyalli. Gashin da ya rage tsilli-tsilli ne a gefe.

"Inji ne ya kama kitsona," ta ce, idonta a ƙasa. "Na daɗe a asibiti. Ban aiko ba don kada labari ya kai wa Inna a Dukku."

Mutane suka fara zamewa. Buba ya goge kumfa da hannun riga, ya fita da rabin gemu. Irmiya ya tsaya riƙe da hular, ya rasa inda zai ajiye ta. Shi ya goya yarinyar nan zuwa gona tana ƙarama.

Salome ta ajiye jaka, ta zauna a kujerar da Buba ya bari.

"Tunda ka buɗe, ka aske mini sauran. Su ke sa mini ƙaiƙayi a ƙarƙashi, kuma babu wanda na iya nuna wa."

Irmiya ya rataya labule a ƙofar rumfa. Ya wasa aska, ya jiƙa kan da ruwan ɗumi. Ya fara aski a hankali. Da askar ta zo bakin tabon sai ya tsaya.

"Da zafi?"

"Wurin ba ya jin komai yanzu, Yaya," ta ce. "Ci gaba."