Mai Amya a Bayan Coci

Da ƙudan zuman tsofaffi suka fara mutuwa a ƙauyen su mahaifiyarta, Jasna ta taso daga jami'a da rikodarta tana bin gida-gida tana binciken dalili. Kowa ya kama bakinsa, sai Goggo Stamena.

"'Yar nan, ba za ki sa sunana ba?"

"Na rantse, Goggo."

Sai tsohuwar ta amayar da komai: Radoje ne, mai gonar tuffa, yake feshi da tsakar rana furanni na buɗe, da maganin da aka hana.

A jami'a kuwa yanzu ba a ɓoye komai. Duk hirar da mai bincike ya yi sai ya zuba ta a intanet, don jama'a su ga babu ƙarya. Jasna ta goge sunaye tas. Wurin sunan Goggo ta rubuta: wata tsohuwa, mijinta ya rasu, tana da amya a bayan coci. A birni wannan ba kowa ba ce. Manyanta suka yaba, har a taro aka yi misali da ita.

A ƙauye kuwa, matar mai shago ce ta karanta wa mutane hirar a wayarta, tana kwaikwayon muryar Goggo, ana ta ƙyaƙyata dariya.

Da Jasna ta dawo, Radoje na zaune ƙofar shago da kofinsa.

"A'a, Dokta! An zo ɗaukar wata gulmar? Zo ki ɗauki tawa, amma ki rubuta wani kyakkyawa mai gashin baki, kada a gane ni!"

Ta wuce kai a sunkuye. Tun daga shingen Goggo warin magani ya bugi hancinta. Amyoyin shiru, ƙofar kowacce tulin matattun ƙudan zuma ne baƙi ƙirin. Ba kuskuren feshi ba ne, cikin amya aka ɗura.

Goggo Stamena ta zaunar da ita, ta fito da faranti kamar yadda ake yi wa baƙo a ƙauyen: ruwan sanyi da cokalin da akan cika da abin zaƙi. Amma matattun ƙudan zuma ne suka cika cokalin.

"Goggo, ban sa sunanki ba..."

"Ai kin cika alkawari. Sha."

"Zan sa a cire hirar yau."

"Cirewa? Limamin coci ma ya karanta." Ta turo farantin gabanta. "Sha mana, 'yar boko. Ko wannan ne ba a son duniya ta gani?"