Butar Faramarz

Hushang ya sake ɗora jakar a kan ma'auni, allurar ta tsaya inda ta tsaya ɗazu: kilo goma sha shida. Ya zare rigar sanyi guda, ya dubi taswirar da ya shimfiɗa a kan darduma, sai ya mayar da rigar cikin jakar. Sanyin mashigar Salambar ba ya jin kunyar kowa, ko da tsakiyar bazara ne.

Tafiyar kwana uku ce a ƙafa. Daga ƙauyen Garmarud a haura dutse, a kwana a Pichebon, a tsallake mashigar, a gangara ta cikin daji har Yuj. Shekara talatin ke nan shi da amininsa Faramarz suna yin ta, ba ɗan jagora, ba alfadari. Hushang ke ɗaukar tanti, Faramarz ya ɗauki abinci da butar shayi, kuma shi ne ya san kowane marmaro a hanyar. Bana kuwa likitoci sun buɗe ƙirjin Faramarz da hunturu, suka ce ko matakalar bene ya hau ta a hankali.

Bakin Hushang ne ya jawo masa. Ranar Juma'a da ya je duba shi, ya ji nauyin ya shirya tafiya shi kaɗai bai ce uffan ba. Sai ya yi abin da kowane mutumin garinsu Kazwin mai tarbiyya zai yi, wato tayi. "Agha Faramarz, da za ka karrama ni ka zo mu tafi tare." Har da "Agha", laƙabin girmamawa. Irin tayin nan da ake wa mai wucewa a kan abinci: ka yi, ya ƙi, ka sake, ya ƙi, sau uku, kowa ya fita kunyar kowa. Faramarz ya dube shi ya ce, "To. Alhamis." Tun karon farko!

Yau Laraba. Wayarsa ta yi ƙara, Mahin ce, matar Faramarz.

"Agha Hushang, yana can tsakar gida yana shafa wa takalmansa mai."

"Mahin Hanum, wallahi tayi kawai na yi."

"Na sani. Shi ma ya sani. Na yi magana, 'yarsa ta bugo daga Tehran ta yi kuka, ko gezau. Wanda ya ɗaure akuya shi ke kwance ta. In ya hau dutsen nan gawarsa za ka sauko mini da ita."

Ta ajiye wayar ba sallama, abin da ba ta taɓa yi masa ba.

Hushang ya sa hula ya fita. Ya bi ta kasuwa ya sayi zabibi da cuku da busasshen burodi, na mutum biyu ko na mutum ɗaya, shi kansa bai sani ba. Tsoro ya ji sosai. Ya san wurin da hanya take miƙewa sama bayan Pichebon, inda ko shi mai lafiya yake jin zuciyarsa a maƙogwaro, kuma daga can zuwa likita yini guda ne. Amma yaya mutum zai janye gayyatar da ya yi da bakinsa? Kafin ya kai layinsu Faramarz ya samo dabara. Zai ce gwiwarsa ta kumbura, a fasa tafiyar gaba ɗaya. Ya yi asarar dutsen bana, ya tsira da aboki. Ya ma gwada ɗingishi daga bakin masallaci zuwa ƙofar gidan, ya ga ya iya.

Faramarz na zaune ƙarƙashin rumfar inabi, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Takalman na gabansa suna ƙyalli, baƙar butar nan mai lotsattsen gindi tana gefe.

"Gwiwa ce," in ji Hushang, yana zama da nishi. "Tun jiya. Ina ganin bana sai haƙuri."

"Wacce?"

"Me?"

"Wace ƙafar? Da ka shigo hagu kake ja, da ka zo zama dama ka dafe."

Mahin ta ajiye musu shayi ta koma ciki, ba ta dubi kowa ba. Faramarz ya jefa ƙwayar sukari a baki, ya kurɓa.

"Shekara talatin," ya ce, "ka taɓa gayyata ta?"

Faramarz bai jira amsa ba.

"Ba ka taɓa ba. Bugo waya kake ka ce, ‘Kai tsohon jaki, Alhamis, kada ka manta gishiri kamar bara.’ Ranar Juma'a ka zauna a gefen gadona, hannu a ƙirji, wai Agha Faramarz, wai in karrama ka. Tun da aka sallamo ni kowa a gidan nan lallaɓa ni yake kamar ƙwai. Na ce ba komai, Hushang zai zo ya zage ni in ji ina raye. Sai ga ka da tayi, kamar ka ga baƙo a tasha. To, baƙo ya amsa. Yi yadda za ka yi da shi."

Kunya ta rufe Hushang, bayanta kuma haushi ya taso, haushin kwana biyar da ya yi ba ya iya cin abinci.

"Ba za ka je ba," ya ce. "Ka ji ni? Zuciyarka faci ce, ko Pichebon ba za ta kai ba. Kuma ni ba alfadari ba ne da zan sauko da kai a baya. Zauna gida ka sha maganinka, tsohon jaki!"

Faramarz ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka soma girgiza, Hushang ya zaci kuka ne. Dariya ce, ko da yake ya goge ido da bayan hannu.

"Yawwa," ya ce. "Kawo taswirar."

Hushang ya zaro ta daga aljihu. Faramarz ya lashi bakin fensir, ya soke marmaron da Hushang ya zagaye a rana ta biyu.

"Wannan ya ƙafe tun shekara huɗu, kai ba ka sani ba don ni ke ɗebo ruwa kana minshari. Cika gorarka a nan, ƙasa da bukkar makiyaya. In karnukansu sun taso, zauna, kada ka ɗaga sanda. Kuma ka tsallake mashigar kafin azahar, hazo ba ya jiran malalaci."

Suka bi hanyar kaf da fensir, kwana ɗaya bayan ɗaya, har shayin ya huce. Da Hushang ya miƙe, Mahin ta fito da kwanon ruwa.

"Gobe da sassafe ka biyo ta nan in zuba ruwa a bayanka kamar yadda ake wa matafiyi," ta ce, "ka dawo lafiya."

"Ni zan zuba," in ji Faramarz.

Ya ɗauki butar ya miƙa masa. Hushang ya buɗe baki zai ce a'a, haba, a bar ta, kamar yadda aka saba. Faramarz ya ɗaga gira yana jira. Sai ya karɓa tun karon farko. Ta fi yadda ya zata nauyi, kuma sai a lokacin ya tuna bai taɓa ɗaukar ta ba.

"Ka dawo mini da ita," in ji Faramarz. "A wanke."