Maiƙo a Kan Wata

Shatin babban yatsa ne, na maiƙo, daidai kan watan da Shiori ta zana da hannunta a tsakiyar taswirar taurari. Ba sai ta tambayi mai shi ba. Kowa a teburin da tsinken cin abinci yake ɗaukar soyayyen dankali don kada ya ɓata takardun wasa, ban da Kuramochi, wanda ya kafa ƙungiyar tasu ta wasan labari, yake ganin ya wuce doka.

Ran Lahadi ne da rana, a ɗakin da suke haya a zauren unguwa a birnin Sendai, kuma yau ne karo na farko da aka bar ta ta ja labarin, sauran su fito a matsayin matafiya cikin kumbon sararin samaniya. Duk lokacin sanyi ta ƙare tana ƙirƙirar halittun wannan wata, masu zama a teku ƙarƙashin ƙanƙara, masu magana da launin haske. Har katunan yarensu ta yi. Burinta kawai matafiyan su gaisa da su.

"Kumbonku ya nutse," ta ce a hankali. "Wani abu mai hannaye da yawa ya matso jikin taga. Ya yi shuɗi, ya yi fari."

Fumika, mai riƙe da matsayin tafinta, ta jawo katunan. "Tsaya, kamar sallama yake yi. In kunna masa shuɗi?"

"Ana cin su?" in ji Kuramochi, kyaftin ɗin kumbon, baki cike.

"Kai dai, Kyaftin, cikinka zai kashe mu," wani ya ce, aka yi dariya.

"Da gaske nake. Mun gaji da abincin gwangwani. Shiori-chan, na harba masa mashi. A hura gawayi."

"Kuramochi-san, gaishe ku fa yake yi," in ji Shiori.

"Mun amsa. Miƙo ɗan lido."

Dokar wasa ce, abin da ɗan wasa ya zaɓa sai a jefa ɗan lido a ga ko ya yi nasara. Ta miƙa masa. Ya jefa shi a baki kamar alewa, wai neman sa'a, ya juya shi da harshe har ana jin ƙararsa a haƙora, sannan ya tofo shi kan taswirar. Ɗan lidon ya gangara yana jan zaren yawu da ɓurɓushin dankali, ya tsaya a kan shida, mashin ya samu ke nan. Tawadar tekun ta fara narkewa.

Fumika ta kawar da kai.

"Shida," ya ce yana tsotsar yatsa. "To, mai labari, faɗa mana ɗanɗanonsa. Da gishiri ko da miya?"

Duk suka zuba mata ido. Ta dubi katunan, su kaɗai ne hannunsa bai taɓa ba. Ta tattara su ɗaya bayan ɗaya ta sa a aljihu, ta bar masa taswirar da ɗan lidon. A bakin ƙofa ta zura takalmanta, ta ja ƙofar a hankali.