Inna Larai a Gaban Lajna

Maganin da likita ya rubuta wa Inna Larai babu shi a duk Jidda. Daga Landan ake kawo shi, kuma sai lajna, wato taron manyan likitoci, sun ga mara lafiya da idonsu sun yarda, sannan hukuma ta biya. In suka ƙi, halas, magana ta ƙare, don ko ɗanta Abdulghani ya sayar da tasinsa ba zai isa ba.

Da ya zo unguwar Sa'alaba ɗaukarta, sai ya tarar ta sha lalle, ta rambaɗa kwalli, ƙanshin turaren wuta har bakin lungu.

"Inna, biki za mu? Ciwon daji fa za mu nuna musu!"

"Kai, rufe min baki. In je gaban manya kamar wadda aka tsinto a bola?"

A hanya ya yi ta koya mata: ta taka a hankali, ta ɗan yi nishi. Ta ce to.

Suna shiga, babban likitan ya tambaye ta jiki.

"Alhamdu lillah, garau nake," in ji ta. "Ya iyali? Ya yara?"

Abdulghani ya yi caraf ya sa baki. "Ya daktor, wallahi ko barci ba ta yi!"

"Shi ne dai ba ya yi, yawo ya yi masa yawa."

Likitan ya yi dariya, ya ajiye alƙalami, ya soma duban ƙofa. Sai wata ma'aikaciyar jinya mai suna Bashira, Bahaushiyar Sudan, ta matso.

"Hajiya, ɗanki na fari ne wannan?"

Inna ta kau da kai.

"Yalla, waje," Bashira ta ce masa. "Wace uwa ce za ta ambaci ciwon nono a gaban ɗan fari?" Ta ja tsohuwar bayan labule.

Abdulghani ya tsaya a baranda, ya kasa zama. Ta ƙofa yana jiyo muryar uwarsa ƙasa-ƙasa, tana ta magana ba tsayawa, Bashira na fassara wa likitocin. Bai san ciwon ya kai haka ba.

Can Bashira ta leƙo. "Sun yarda. Allurar farko na tafe a jirgin sama."

Inna ta fito tana gyara mayafi.

"Ka tsaya kana washe baki. Tada mota, kai ni unguwar Ammariyya gidan ƙawata Mastura. Sai ta ji da kunnenta cewa daga Landan maganina zai zo, ita da kullum sai fariyar ɗanta ya je Alƙahira."